Ƙwaryar Dusar Baba Alu

Cikin duk shekarun da na yi ina malamin dabbobi a yankin Buza, ranar da Baba Alu ya zo mini da maganar sansa ba ta taɓa fita raina ba.

Baba Alu manomi ne a wani ƙauye kusa da Karofane. Sa ɗaya gare shi, baƙi, wanda ɗansa ya raina tun yana maraƙi kafin ya tafi ci-rani, kuma har lokacin shiru, ba labarinsa. San ya iya jan galma sarai, amma da damina ta kankama sai ya tsiri kwanciya a tsakiyar gona. Ƙannen tsohon suka ce ciwo ne, a kai wa mahauta tun yana da nama.

"Mushe, duba min shi," in ji Baba Alu, don Mushe ake kiran mu ma'aikatan gwamnati a can. "In kac ce ciwo na, shi ke nan. Amma in yaron ya komo, mi za ni ce mai?"

Ƙa'idar aikinmu ita ce a fara da jiki. Na bi shi har gonar, na auna zafin san, na duba ido da dasashi da kofato, na shafa wuya inda karkiya ke zama. Lafiyarsa lau, har ya fi ni ƙiba. Sai na ce a ɗaura masa galma in gani.

Bai yi nisa ba ya durƙusa, ya kwanta abinsa yana tuƙa. Kafin in yi magana, tsoho ya ruga gindin gawo ya ɗauko ƙwaryar dusa da kanwa, yana shafa kansa yana lallashi. Gogan ya lashe tas, ya miƙe. Dariya ta taso mini, amma da na dubi fuskar tsohon sai tausayi ya danne ta.

Na ce, "Baba, in yana aiki mi yaka samu?"

"Ba komi."

"In ya kwanta hwa?"

Ya dubi ƙwaryar da ke hannunsa.

Wani ƙanensa ya ce a sa bulala. Na hana, domin duka tsoro kawai yake koya wa dabba, gobe ba za ta yarda a kusance ta da karkiya ba. Na ce dusar nan dai za a ba shi, amma sai ya kai ƙarshen gona, yana tsaye. In ya kwanta, kowa ya juya masa baya. Na kuma gargaɗe su cewa abin zai ƙaru kafin ya ragu.

Haka kuwa aka yi. Da na koma bayan 'yan kwanaki, na tarar da san kwance yana kuka, Baba Alu ya ba shi baya, ya rungume ƙwarya, hawaye na bin gemunsa. Ni ma na ji abin har zuciyata. Can san ya gaji, ya tashi da kansa, ya ja galma har inda dusa take. Kafin a gama huɗa ya bar kwanciya, maganar mahauta ta mutu.

Ku da kuka shigo aikin yanzu, ku riƙe wannan: dabba tana maimaita abin da ya biya ta, kuma sau da yawa ƙauna ce ke biyan ta a inda bai kamata ba. Kada ku yi wa mai ita dariya. Ranar da san ya tashi da kansa, da zan tafi, Baba Alu ya raka ni har bakin babur, ya ce, "Mushe, san nan shi kaɗai yar rage min da zan ba abinci da hannuna."