Ɗorawar Inna Delu

Kakata Inna Delu ba ta iya tatsuniya babu mugu a ciki ba, kuma kullum sunan mugun Tanko. Bayan magariba mukan kewaye murhun da take dafa kalwar daddawa, tana tura kara a wuta tana cewa, "Ku matso, ga wata nan ta iso." Mu kuwa mu ce ta shigo, muna ji.

Sai da na yi wayo na gane dalilin sunan. A tsohon ƙauyenmu, kafin dam ya shanye shi, Inna tana da ɗorawa guda da ta gada wajen mahaifiyarta, a tsakiyar gonar Mai'unguwa Tanko. Kowa ya san gona daban, itace daban. Amma wata shekara ya ce itacen nasa ne, ya kore ta da kwandonta a gaban mata. Har ruwa ya rufe ɗorawar ba ta sake tsinkar ko ɗaya ba, kuma har ta rasu ba ta huce ba.

Wadda muka fi so ita ce ta masunci da 'yar ruwa. Wai 'yar ruwa ta ba wani talakan masunci tandun kwalli, ta ce ya ja sau ɗaya tak, zai ga kifi har ƙasan kogi. Tanko ya ji labari, ya ƙwace tandun, ya lafta wa idonsa har yana zuba. Nan take komai ya koma masa kifi: kara kifi, dutse kifi, kututture ma kifi. Ya yi tsalle ya faɗa kan ƙaya. A nan Inna takan tsaya ta gyara zama, ta ce, "Ba a ciro shi ba sai da ya kira sunan uwarsa sau uku." Sai ta yi dariya har da hawaye.

Yau ni masunci ne a wannan dam ɗin. Bara ƙanena ya kawo mini na'urar gano kifi daga Kano, wadda ake maƙala wa kwalekwale tana nuna abin da ke ƙasan ruwa. Na sha wahala kafin na gane kanta. In ka rage mata ƙarfi, ba ta ganin komai. In ka ƙure, allon ya cika da tarkace. In kuma ka kunna mata hoton kifi, kowane reshe sai ta zana maka shi da wutsiya. Sai na kashe hoton, na tsayar da ƙarfin a tsakiya, na daidaita zurfin da na wurin. A haka na fara cika kwando da karfasa, a haka kuma na gano ɗorawar Inna tsaye a ƙarƙashin ruwa, daidai inda take kwatanta mana.

Shugaban masuntanmu Sale ne, jikan Tanko. Wata safiya ya tare ni a bakin ruwa, ya ce tunda a ruwan jama'a ake aiki da na'urar, a hannun shugaba ya kamata ta zauna. Da ita nake ciyar da gidana, kuma duk wanda ke wurin ya sani, amma kowa ya sunkuyar da kai. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce, "To, Shugaba, bari in saita maka ita." Na ƙure ƙarfin, na kunna hoton kifi, na nuna masa wajen da nake samu.

Da hantsi ya ga allo cike da kifi, ya zuba sabuwar ragarsa gaba ɗaya. Rassan ɗorawar Inna suka riƙe ta gam. Shi da mutanensa suka ja har azahar, suka fito da tsumma. Da la'asar ya jefo mini na'urar, ya ce kayan banza ne. Na karɓa da hannu biyu.

Muna yara na ɗauka Inna gargaɗi take mana a kan haɗama. Yanzu na san ƙara take kaiwa, kuma mu ne kaɗai alƙalan da za su saurare ta. Malamin masallacinmu ya ce in nemi gafara, kuma zan nema, amma ban ji nadama ba tukuna. Tanko ya ce ɗorawar tasa ce. To, ga ragar jikansa can a kanta, su je su tsinko.