Awon Ido Kala Uku a Kazaure

Ana idar da sallar asuba muka kama hanya, ni da maƙwabciyata, ranar da aka ce likitocin ido sun sauka a Kazaure. Ni ban yi boko ba. Faɗa nake ana rubutawa, don matan ƙauyukanmu na ƙasar Gwiwa su ji abin da na gano.

Tsoro ne ya fitar da ni. Hawan jinin ido ne ya makantar da mijina Malam kafin Allah ya karɓi abinsa. Ciwon ba ya zafi, ba ya sa ido ja. Ta gefe-gefe yake ci, kamar gara a jikin zana. Sau ɗaya aka taɓa duba shi: wani mai kemis ya sa yatsu biyu ya lallatsa masa fatar ido kamar mai zaɓen gwanda, ya ce lafiya lau. Ni na riƙe masa sanda har ƙarshe. Bayan na fita takaba sai na fara karo da turmi ta hagu, in yi shuri da buta ban gan ta ba. Na ce to, ni kuma wa zai riƙe mini sanda?

Babur ya kai mu Gwiwa, gari yana washewa. Kaka ta kusa, gero ya sunkuyar da kai, raɓa ta kwanta a kan ganyen wake tana ƙyalli. Ina bayan babur ina kallon komai a hankali, kamar mai sallama da dangi. A tasha muka sha koko da ƙosai. Ƙosan yanzu ya koma kamar aduwa don ƙanƙanta, kuɗin mota kuwa ya ninka na bara. Maƙwabciyata ta rambaɗa kwalli kamar mai zuwa biki, wai kada likita ya raina mata ido.

Motar ta bi ta Roni. Duwatsun nan sun yi kore, awaki a kansu fari-fari. Wajen nan Malam ya taɓa kawo ni a bayan keke muna da ƙuruciya, mayafina yana tashi, yana ce mini in riƙe da kyau. Ban san hawaye ya zubo ba sai da wata Bafulatana da ke gefena ta miƙo mini dafaffiyar gyaɗa. Da muka doshi Kazaure na hango ruwa shimfiɗe tsakanin tsaunuka, rana a kansa kamar an zuba man shanu.

A asibitin layi ya kai bakin ƙofa. Akwai mutanen 'Yankwashi, akwai na Babura har da baƙinsu daga tsallaken iyaka. Wata nas ta yi mana bayani cewa na'urar awon ido kala uku suka zo da ita. Suna son su gwada kowacce a kan mutum ɗaya, su ga wadda ta fi faɗin gaskiya da wadda za a iya kaiwa ƙananan asibitocin ƙauye. Wanda bai yarda ba ba dole. Na ce na yarda. Abu na farko da ta yi, ta sa auduga ta goge kwallin maƙwabciyata tas.

Ta farko mai hura iska ce. Ka ɗora haɓa, ka manna goshi, sai ka ji fuu a ƙwayar ido. Na zabura na yi a'uziyya da ƙarfi, 'yan layi suka yi dariya. Ta biyu ƙarama ce, a hannu ake riƙe ta, da wani ɗan tsinke mai farin kai da yake taɓa ido ya koma. Ba a ɗiga komai, kuma ba zafi, kamar ƙuda ya gifta. Likitan da ke riƙe da ita sa'an 'ya'yana ne, mai ladabi, amma fuskarsa dab da tawa. Ni kuwa tunda aka haife ni ban taɓa zuba wa namijin da ba nawa ba ido. Na sunkuyar da kallo, na matse fatar ido, na riƙe numfashi har ya gama.

Sai na ji ya ce da nas ɗin, "Lambar idon duka biyun ta hau."

Na koma benci na zauna. Ban yi kuka ba a lokacin. Ta taga ina ganin wata bishiyar darbejiya, iska tana juya ganyenta. Na riƙa kallonta ina ajiyewa a zuciya, yadda ake ajiye iri. Na tuna yadda Malam yake tambayata da damina, "Hadarin nan baƙi ne ko ja?" in tsaya ina faɗa masa.

Can likitan ya sake kirana. Ya ce, "Inna, ƙasa kike kallo, kina kuma matse ido. In aka matse shi dole lamba ta hau. Tun safe iyayenmu mata haka suke yi mini. Don Allah ki dube ni."

Na ce, "Ɗan nan, ba zan iya ba."

"To ki dubi kunnena."

"Kunnen ba a jikinka yake ba?"

Ya yi dariya, ya miƙa wa nas ɗin ƙaramar na'urar. Da yake mace ce a gabana, idona ya buɗe da kansa. Ta auna, dama ya sauko, hagu ya ƙi.

Saura ta uku, wadda suka ce ita ce alƙali, da ita ake gwada sauran. Wannan sai likita. Aka ɗiga mini magani mai ruwan ɗorawa, idon ya yi sanyi ya mutu. Aka tsayar da maƙwabciyata a bayan kafaɗarsa, aka ce ita zan kalla. Ta ce, "Ke, dube ni da kyau, yau dai kin samu abin kallo kyauta." Ta washe jajayen haƙoranta na goro. Sai da aka jira dariyata ta lafa.

Daga nan wani shuɗin haske ya taho a hankali har ya cika mini ido. Shuɗi ne irin na rini, irin na rigar da Malam yake sawa ranar Juma'a. Ɗakin ya ɓace, hayaniyar layi ta yi nisa. Na ji kamar yana tsaye a ƙofar zaure yana gyara hula, idonsa garau, yana ganina. Hawaye ya wanke maganin, sai da aka sake ɗigawa. Ba wanda ya yi mini faɗa.

Alƙali ya goyi bayan ƙaramar da ke hannun nas. Likitan ya haska can cikin idon, ya ce dama lafiya. Hagu ciwon ya taɓa shi, abin da ya tafi ba zai dawo ba, amma in na riƙe maganin ɗigawa kullum, ina kuma dawowa awo, ana sa ran tsare sauran. Ya ce abin yana bin jini, duk 'ya'yan Malam su zo. Ya tambaye ni wacce na fi so a kai ƙauye. Na ce ƙaramar, amma a haɗo ta da mace.

Mun sha fura da nono a tasha, muka iso gida bayan la'asar. Abin da tafiyar ta koya mini shi ne yatsa ba ya auna ido, na'ura ma sai an buɗe mata shi, kuma awo ɗaya ba hukunci ba ne. Matan garinmu, ku je tun ba ku fara karo da turmi ba. In kunya ta hana ku, ku ce a ba ku mace.

Ina kwance ɗaurin maganin sai ɗana na fari ya shigo yi mini sannu da zuwa. Shi ne wanda ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa tsayawa na dube shi ba, don haka muka tarar ana yi. Ya durƙusa daga bakin ƙofa kamar kullum. Na ce ya matso. Ya yi mamaki, ya matso. Na ɗaga kai na kalle shi sosai. Ashe har ya yi furfura a gemu. Ashe idon ubansa ne sak.

Na ce, "Gobe ka tafi Kazaure."