'Yar Kusurwa

'Yar Kusurwa ake ce mata, don a kusurwar talabijin take fitowa duk ranar da majalisar dokoki ta ƙasa ke zama, tana juya maganar 'yan majalisa zuwa maganar hannu saboda kurame. Hannun nan nata bai san hutu ba. Ko shayi take sha, sai ka ga yatsunta suna gardama da kofin.

A garejin babanta ta koyi maganar hannu. Baba kurma ne, bakanike, da tafin hannu yake jin ciwon inji. Amma doka ta hana kurma lasisin tuƙi, sai dai ya gyara mota, ya miƙa makulli, ya bi ta da kallo.

Tana yarinya ya tambaye ta da hannu, "Wane ne majalisar nan da ya hana ni? Kai ni wurinsa."

"Ba mutum ɗaya ba ne, Baba. Zaure ne cike da zaɓaɓɓu, abin da mafi yawansu suka yarda da shi, shi ne doka."

Ya taɓe baki. "To wa zan roƙa?"

Tun daga ranar, alamar majalisa a gidansu ita ce a buɗe tafi biyu, a waiga hagu da dama.

Ranar da aka kawo ƙudirin bai wa kurame lasisi, Baba ya wanke tsohuwar motar da ya haɗa da kansa, ya ɗora talabijin a kan durom ɗin mai. Ita kuwa a ɗakin ɗaukar hoto ta kasa tsayawa wuri ɗaya, ta gyara ɗankwali, ta sake gyarawa. Wani ɗan majalisa ya miƙe ya ce kurma a kan titi hatsari ne, kuma dole ta faɗa da hannunta, ranta yana tafasa.

Kakakin majalisa ya buga guduma: masu a'a sun yi rinjaye. Ta ɗaga hannu za ta yi alamar majalisa irin ta aiki, sai ta gida ta kuɓuce mata. Ta buɗe tafi, ta waiga hagu da dama, a gaban duk ƙasa.

Da la'asar ta iske Baba tsaye jikin motar.

"Na gani," in ji shi. "Ashe ke ma kin rasa wanda za ki roƙa."

Ya miƙa mata makulli, ya zagaya ya zauna a kujerar mai zaman banza. Da ta tayar da injin, ya ɗora tafinsa a kan sitiyari, kusa da nata.