Golan da aka hana faɗuwa

Lokacin da nake koyarwa a makarantar elementare ta Haɗeja, Turawa suna nan ba su tafi ba, ni aka ɗora wa wasan ƙwallo. Ba wai na iya ba ne. Ni ne ƙarami a cikin malamai, kuma na taɓa ganin ana buga ta a Kano sa'ad da nake karatu a makarantar Midil, shi ke nan hedimasta ya miƙa mini usur da wata ƙwallon fata, ya ce in ji da su. Filinmu a bakin fadama yake. Da damina kogi yakan cinye shi, in ruwa ya janye sai mu fita da yara mu cike tsagar laka da yashi, mu kafa gora biyu a nan, biyu a can.

A cikin yaran akwai wani siriri ɗan aji huɗu, shi ne golanmu. Ban koya masa komai ba, Allah ne ya ba shi. Ƙwallo za ta taho ta gefe ƙasa-ƙasa, sai ka ga ya miƙe kamar kifi ya yi tsalle a ruwa, ya cafke ta, ya faɗi da ita a ƙirji, ya tashi yana dariya. A aji kuwa da ƙyar kake jin muryarsa. Shekarar nan aka ce za mu kara da makarantar Birniwa, Baturen makarantu zai zo kallo, kuma zai zaɓi yaran da za a kai Kano wasa. Yaron nan bai taɓa shiga jirgin ƙasa ba. Tun da ya ji zancen, ba shi da wata magana sai ta Kano.

Ana haka mahaifinsa ya fara zuwa fili. Masunci ne, asalinsa daga wajen Auyo, amma a ƙuruciyarsa kokawa ce ta fito da sunansa. Mutane sukan ce daga Auyo har Kirikasamma ba wanda ya taɓa kai shi ƙasa. Ya manyanta, furfura ta fito, amma wuyansa na nan kamar turmi, murya kuwa ba a magana.

Ranar da ya fara zuwa, yaron ya yi irin tsallen nasa ya kama wata ƙwallo mai wuya. 'Yan kallo suka ɗauki tafi. Sai muka ji muryar mahaifin daga gefe:

"Tashi, ragon banza! Wa ya kayar da kai?"

Yara suka tsaya cak. Na hura usur a ci gaba. Ba a jima ba yaron ya sake faɗawa kan wata.

"Kun gan shi ko? Ba wanda ya taɓa shi! Malalaci, ka zubar mini da mutunci a gaban jama'a. Za ka dawo gida ka same ni!"

Daga ranar ba wasan da ya wuce shi. Abin haushin ma, sai wasu iyayen suka ɗauka. Wanda a da yake tsayawa daga nesa da hannu a baya, yanzu ya matso yana ce wa ɗansa jaki don ya zubar da ƙwallo. Ni ma ban tsira ba. Dattijon ya taɓa nuna ni da sanda ya ce, "Ga malamin da ke koya wa 'ya'yan mutane birgima." Aka yi ta dariya, ni kuwa ina tsakiyar fili da usur a baki.

Na kewaye filin da igiya, sai na gane igiya ba ta tare murya. Na kai ƙara wurin hedimasta, ya ce, "Sa'an mahaifinka ne, ka yi haƙuri." Haƙuri! Ni nawa mai sauƙi ne, ba ni ake zagi a gaban abokaina ba.

Na sayi goro na sami mahaifin yaron a bakin kogi yana gyaran komar kamun kifi kusa da kwalekwalensa. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa da fara'a, har ya shimfiɗa mini buzu.

Na ce, "Baba, a wannan wasa faɗuwa ba kaye ba ce. Aikin gola ke nan. In ya faɗi ya kama, shi ya yi nasara."

Bai ɗaga kai daga koma ba. Ya ce, "Malam, ƙasar filinku daban take da sauran ƙasa?"

"A'a, Baba, amma..."

"Na yi shekaru maza suna neman su kai ni ƙasa, ban yarda ba. Shi ba wanda ya kama shi, da kansa ya kai kansa, ku kuma kuna tafa masa. Jiya a kasuwar kifi wani wanda na taɓa kayarwa yake tambayata wai yaya jikin yaro, ya ji yana ta faɗuwa. In zai kama, ya kama a tsaye."

Na yi bayani har bakina ya bushe. Ya ci gorona, ya yi mini godiya, ya ba ni tarwaɗa biyu in kai gida. Na dawo da kifi a hannu da takaici a ciki.

Mai unguwa ya ce in ina so zai sa a riƙa korarsa daga fili. Na kusa yarda. Yaron ne ya tare ni bayan an tashi, idonsa a ƙasa, ya ce, "Malam, don Allah kada a kori Baba. In aka kore shi a gaban mutane, ni zan ɗanɗana a gida." Na ce to in mayar da shi gaba ya riƙa buga ƙwallo da ƙafa. Sai hawaye. Shi gola yake so.

Dabarar da ta rage mini ita ce in girmama mutumin. Ranar wasan Birniwa na sa aka ajiye masa kujera a inuwa, kusa da hedimasta, ba nisa da Bature. Na ce a raina, mai furfura ba zai buɗe baki ya yi ashar a irin wannan wuri ba. Ya zo da babbar riga wankakkiya, ya zauna, ya ɗora sandarsa a cinya.

Aka fara wasa, shiru. Aka je hutu aka dawo, shiru. Wallahi har na fara yaba wa kaina. Yaron yana ta kama ƙwallayen sama, kuma ban lura ba a lokacin cewa rigarsa fes take, ko ƙura babu.

Wasa ya kusa tashi, ba wanda ya ci. Wani ɗan Birniwa ya kufce wa 'yan bayanmu ya buga ta ƙasa, gefen hagu. Ba ta da ƙarfi. Irinta yaron nan ya sha kamawa yana dariya. Na ga ya lanƙwasa gwiwa zai tashi, sai ya juya ya dubi kujerar nan. Ya miƙa ƙafa kawai. Ƙwallo ta wuce ta gefen yatsunsa, ta gangara tsakanin gora a hankali, ta tsaya a cikin ciyawa. Ni ne alƙalin wasa, ni na hura usur na ce ta shiga.

Bature ya zaɓi yara daga ɓangarorin biyu. Gola kuwa na Birniwa ya ɗauka. Namu yana tsaye a wurinsa bai motsa ba, har abokansa suka fara tuge gora.

Ina naɗe igiya sai ga dattijon ya nufo ni, fuska cike da murna. Ya kama hannuna da hannu biyu ya girgiza.

"Malam, Allah ya yi maka albarka, ka mutunta ni. Jiya na sa shi ya yi mini alkawari, kuma ya cika. Ka gani da idonka, yau ko sau ɗaya bai taɓa ƙasa ba."

Sa'an mahaifina ne, ga jama'a suna kallo. Na ce, "Amin, Baba." Ya ɗaga sanda ya yafito yaron, suka kama hanyar bakin kogi, shi a gaba yana amsa gaisuwa, yaron a baya.