Albarkar Hannun Injiniya Abdulmajeed

Injiniya Abdulmajeed yake so a kira shi, in ka manta da "Injiniya" ko juyowa ba zai yi ba. Ɗan Zariya ne. Bautar ƙasa ta kawo shi Abuja, kawunsa ya cusa shi sashen kwamfuta na hukumarmu, ya zauna daram. Ofis ɗaya muke, don haka ba labari aka ba ni ba.

Duk taƙamarsa abu guda ne. Manhajar rajistar marasa lafiya da asibitocinmu ke aiki da ita, in an yi mata gyara, shi kaɗai ke iya harhaɗa ta ta tashi. Kowa ya gwada a kwamfutarsa sai abu ya watse. Shi kuwa sai ya kore mu, ya kulle ƙofa, ya fito yana share gumi. Gumin me, don Allah? Darakta har cewa yake hannun Injiniya akwai albarka.

Albarkar ba ta wuce wata tsohuwar kwamfuta da wani ɗan kwangila ya bari a ƙarƙashin teburinsa ba. Akwai manhajar da ake kira Make, ita ke bin umarni tana haɗa guntayen aiki wuri ɗaya. Iri biyu ce: akwai ta GNU, akwai ta BSD. Sunansu ɗaya, amma ba kowane umarni suke ganewa tare ba, kamar kayan gyaran mota a Apo: ka ga fuska iri ɗaya, ka zo ɗaurawa ya ƙi shiga. Ɗan kwangilar ya rubuta umarninsa don ta BSD, wadda ke cikin tsohuwar kwamfutar, mu kuwa duk ta GNU gare mu. Shi ke nan fa. Wallahi shi kansa gogan bai sani ba, danna maɓalli kawai ya iya.

Hafsah ce ta gano. Sabuwar ma'aikaciya ce, ba a tabbatar mata da aiki ba tukuna, kuma sai Abdulmajeed ya yi mata shaida za a tabbatar. Ta zauna ta gyara umarnin yadda zai yi aiki a kowace kwamfuta. Da Darakta ta kai wa kai tsaye, da ta tsira. Amma a aikin gwamnati ƙarami ba ya tsallake na sama da shi, ita kuma yarinya ce mai ladabi. Ta zo ta rusuna a gaban teburinsa.

"Oga, na gano abin da ke hana ta tashi. Yanzu kowa zai iya haɗawa."

Ya ce, "Kowa?"

Na ga yadda fuskarsa ta sauya. Ya ce ta turo masa gyaran, kada ta gaya wa kowa sai ya duba. Daga nan ya wuce ofishin Darakta, ya ce yarinyar nan tana taɓa abin da ba a sa ta ba, wata rana za ta rusa mana asibitoci. Na bi bayansa na faɗi gaskiya, Darakta ya ce hassada ke damuna. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Ba a jima ba wutar lantarki ta zo da ƙarfi ta ƙona tsohuwar kwamfutar. Na ce yau asiri zai tonu. Ina! Mutumin ya ɗauko gyaran Hafsah ya ɗora a sabuwar kwamfutarsa, manhaja ta tashi lafiya lau. Darakta ya tara mu a ɗakin taro, ya ce a tafa wa wanda ya ceci hukuma. Abdulmajeed ya dafa ƙirji yana sunkuyar da kai, wai shi mai tawali'u.

Ta taga na hango Hafsah a bakin get, an sallame ta saboda Abdulmajeed ya ƙi yi mata shaida, tana cire katin aikinta daga wuya tana miƙa wa mai gadi.