Wanda zai maye gurbina a injin shinkafa

Ina nuna masa yadda ake ɗaure bel ɗin injin, sai ya ciro goro ya miƙo mini.

Hamidu ke nan, daga tsallaken iyakar Benin ya zo, magidanci kamar ni. Mai injin casar da nake wa aiki a Bagudo ya ce ƙarshen wata zan tafi. Kuɗin sallama kuwa, sai na koya wa Hamidu aikin tukuna, tunda shi ya yarda da ƙaramin albashi.

Hamidu ya ce, "Yaya, Allah shi bar mu tare wurin ga."

Ashe bai sani ba.

Na ce, "Malam Hamidu, ba tare za mu zauna ba. Gurbina za ka maye."

Sai ya ce, "To in koma gida?"

Na ce, "Ko ka koma, wani za su kawo. Mu ci gaba."

Wallahi na so in ji haushinsa, amma na kasa. Na gaji ne kawai. Shi ma yara ya baro gida.

Jama'a, da ku ne, za ku koya masa duka?