Mai Farin Takalmi a Kasuwar Kifi

Tun da doka ta ce a tsibirai kaɗai za a gina gidan caca, shi ma sai mazauna sun amince da ƙuri'a, baƙi masu neman fili suka yawaita a tsibiran Penghu. Na yau dai bai kwanta wa Gwaggo Hong mai busasshen kifi ba. Takalminsa fari fat, sai murmushi yake rabawa. Yana jujjuya kifi ko shinshinawa bai yi ba, idonsa na kan tudun bakin teku. Ɗan koren wani ɗan majalisa ne, ko na kamfani?

"Gwaggo, tudun can na wa ne?"

"Kabarin mijina ke can."

"Kai, tsohon ya iya zaɓen wuri!"

Ta fizge kifinta daga hannunsa. "Ya iya. Kuma bai ce zai tashi ba."